Tambayar Bakin Ƙofa

Na zo da sunayen tsibirai goma sha ɗaya
da ruwa ya haɗiye ina ɗan shekara tara,
da sunan wanda ya dasa tsamiya a kan kowanne,
in zuba su a kundin da yaran Yawuri suka buɗe,
wanda aka ce kowa na iya ƙara abin da ya sani.

Shafa'atu ce ta riƙe wayar, jikata,
don igiyar taru ta cinye zanen yatsuna,
gilashi ba ya jin taɓawata.
Suna, na bayar. Unguwa, na bayar.
Sai ƙofar ta ce: dakata,
tabbatar mana kai mutum ne.

Na yi dariya har haƙorina na gaba ya motsa.
Ni da minjirya ta taɓa girgiza ni har gwiwa,
ni da na binne 'ya'ya biyu a tudu guda,
yau ake neman shaida.
To, tambayo.

Wane kogi ne ya bi ta gefen garinmu?
Na ce rubuta Kuwara.
Jan rubutu ya fito: ba daidai ba.
Na leƙa ta kan katanga, ga shi can kwance,
yana ɗauke da jiragen albasa kamar kullum,
bai san an canza masa suna ba.
Kaka, in ji Shafa'atu, Neja suke so.
Neja na littafin aji uku?
Uwata ta sha shi shekara saba'in
ba ta taɓa kiran sa haka ba.

Bakwai a tara da biyar, rubuta da kalmomi.
Sha biyu, na ce, ko ɗan tallan ƙuli ya sani.
Ba daidai ba.
Ashe goma suke jira a gaba,
goman da kowa ke barin ta a gida in zai tafi kasuwa.

Ta uku ta zo, na gyara zama, wannan gonata ce:
da me ake kama kifi, ƙarfe mai lanƙwasa?
Yarinya ta danne harafin har ya fito da wuyansa,
ta rubuta ƙugiya yadda malaminta ya koya mata.
Ba daidai ba.
Wanda ya ɗana tambayar, wayarsa ba ta da lanƙwasa.
Ƙugiya marar ƙugiya yake so,
wadda ko ramboshi ba za ta riƙe ba.

Ka gwada da yawa. Dawo gobe war haka.
Katin ɗari biyu ya tafi, kamar gishiri a ruwa.

Da la'asar na tare Zayyanu a bakin tasha,
shi ne mai mabuɗin, ɗan marigayi Ɗanjuma mai kwalekwale.
Ya durƙusa, ya ce Baba, a yi haƙuri,
dare ɗaya masu tallan caca da maganin basir
suka shigo ɗari uku, ba su da uwa ba su da uba,
ba sa barci, ba sa jin kunya.
Na ce na gane, yaro.
Amma ka yi shinge don akuya
ka manta ka bar wa mai gona ƙofa.
Ya ce zai gyara in an kawo wuta.

Ba a kawo ba.

Yanzu ga mu a tsakar gida da tocila,
ina faɗa, Shafa'atu na rubutawa
a bayan littafinta na lissafi.
Gobe zan ce Neja, zan ce goma sha biyu,
zan miƙe wa ƙugiya wuya,
in yi ƙarya uku don a yarda ni mutum ne.

Ta ƙirga, ta ɗago kai.
Kaka, goma ne.
Na sake bi daga farko, a hankali, da yatsu,
daga na gabas mai farin yashi har na kusa da mashaya.
Akwai ɗaya, mai rimi, inda ake shanya gargaza.
Da safe yana bakina.